Kwana huɗu a ƙaramin otal na bakin teku

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in amayar da wata magana da ta tsaya mini a rai. Duk tallan otal na masoya da nake gani, ango da amarya ake nunawa, kamar waɗanda suka kwana biyu da aure ba su da sauran abin faɗa wa juna. A ganina mu ne ma muka fi buƙata. Shekararmu 19 da aure, amma sai bana ni da maigidana muka fita mu biyu rak, ba yara, ba aiki, muka sauka a wani ƙaramin otal a wani garin shaƙatawa na bakin teku.

Ɗakuna tara ne kacal. Dattijuwar da ke da wurin ita ta tarbe mu, ita ta raka mu sama da ƙafa, don babu na'urar hawa bene. Ƙofar barandarmu sai an sa kafaɗa take buɗuwa, gishirin da iska ke kwasowa daga teku ya sa ƙarfenta tsatsa. Da ta buɗe kuwa, kujeru biyu ne da ɗan tebur, sai ruwa iya ganin ido. A babban otal lambar ɗaki ake tambayarka. A nan, washegari ta riga ta san sunayenmu, ta kuma gane cewa ni mai sammako ce.

Ita ta nuna mana wata takarda da ta manna a bango, jadawalin cikar teku da janyewarsa. Ta ce wata ne ke jan ruwan. A yawancin gaɓoɓin duniya teku kan cika sau biyu, ya janye sau biyu cikin kimanin awa 24 da minti 50, shi ya sa kullum lokacin yake matsawa gaba da kusan minti 50. Da wannan takardar muka riƙa tsara yininmu. In ruwa ya ja baya, sai mu taka a kan jiƙaƙƙen yashi mai tauri har inda duwatsu suka fito. Da rana iska daga teku take busowa, da dare ta juya, don tudu ya fi ruwa saurin ɗaukar zafi da saurin hucewa.

Akwai gargaɗinta da nake so kowa ya riƙe. Ta nuna mana wani tsagi inda ruwan ya yi duhu, ya kwanta luf, igiyar ruwa ba ta fashewa. Ni da can nake shirin tsoma ƙafa. Ashe nan ne ruwan da igiya ta turo yake komawa ciki da ƙarfi, yana iya jan ko gwanin iyo. Wanda ya faɗa, kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, ko ya saki jiki ya ɗaga hannu a gan shi. In an kafa jar tuta, ba shiga.

Amma abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami ya faru ne a dare na uku. Muna zaune a baranda, wayoyinmu na ciki, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa. Can sai maigida ya fara ba ni labarin shekarar da ya rasa aiki, yadda yake fita kullum da safe ya rasa inda zai nufa, da bashin da ya ɓoye mini don kada hankalina ya tashi ina goyo. Shekara 11 maganar na cikinsa, muna kwana ɗaki ɗaya. Ni ma na faɗi nawa. Na yi kuka, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Don haka ina kira ga ma'auratan da suka daɗe tare: in Allah ya hore, ku nemi ƙaramin wuri, ku je bayan cunkoson masu hutu ya lafa, ku kuma tambaya tun kafin ku kama ɗaki ko tagarsa teku take kallo da gaske. Mu dai mun roƙi dattijuwar ta ajiye mana ɗakin nan mai taurin ƙofa baɗi, in muna da rai.

Wassalam,
Wata mai karanta jaridarku