Wa Muke Nuna wa Inda Muke Ta Wayoyinmu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, muna roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu ja hankalin masu karatu kan lokeshan ɗin wayoyin hannu da yadda ya shige cikin kafafen sada zumunta. Mu masu sana'ar gyaran waya ne da harkar sadarwa, kuma abin da muka lura da shi shi ne jama'a sun rabu gida biyu. Wasu sun kashe lokeshan sun ɗauka sun ɓace daga idon kowa. Wasu kuwa duk manhajar da ta nemi izini sai su danna mata amincewa ba tare da sun karanta ba. Dukansu sun yi kuskure, domin ba maɓallin ne ke tona asirin mutum ba. Izinin da ya bayar ne, da wanda ya ba, da tsawon lokacin da ya bari a buɗe.

Hanya uku waya ke bi ta gane inda take. Ta farko GPS, wato taurarin ɗan'adam na Amurka kimanin 30 da ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa. Wayoyin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Waya ba ta aika wa taurarin nan komai, sauraro kawai take yi, kuma sai ta ji aƙalla 4 daga cikinsu kafin ta lissafa wurin da take. A fili, inda sama take a buɗe, kuskuren bai cika wuce mita 5 ba. Wannan aikin ba ya buƙatar data ko sabis. Amfanin data shi ne ta sa wayar ta kama taurarin cikin daƙiƙoƙi, in babu ita sai a yi mintoci ana jira. Abin da ke ɓata GPS rufi ne: kwano, siminti, ko lungun kasuwa mai benaye irin na Kantin Kwari. Shi ya sa ɗan kasuwa zai tura lokeshan daga cikin shago, mai kawo kaya ya je ya tsaya a wani layin yana ta kira. A fito waje, a jira faffaɗar da'irar da ke kewaye da shuɗin ɗigon taswira ta tsuke, sannan a tura.

Ta biyu ita ce Wi-Fi na maƙwabta, wanda waya ke hango sunayensa ko ba ta hau ba, ta kwatanta da rumbun bayanan Google ko Apple. Ta uku ƙarfen sabis, kuma a nan ne masu kashe lokeshan suka yi tuntuɓe. Duk wayar da ke kunne da layi a cikinta, har da ƙaramar nan mai tocila, tana sanar da ƙarfen da ke kusa cewa ga ta nan, in ba haka ba kira ba zai same ta ba. Maɓallin lokeshan bai shafi wannan ba ko kaɗan. A birni wannan hanya kan nuna unguwa, tazarar ɗaruruwan mitoci, a karkara kuwa kilomitoci. Kamfanin layi ne ke riƙe da bayanin, kuma tun da aka fara haɗa layuka da lambar NIN a Disambar 2020, kowane layi yana ɗaure da sunan mai shi. Ba a ba kowa wannan bayani sai hukumomin tsaro ta hanyar doka.

Daga nan ne za a gane ƙaryar manhajojin da ake talla cewa ka sa lambar mutum kawai su nuna maka inda yake. Ba su da hanyar shiga rumbun kamfanin layi. Iyakarsu su nuna taswirar bogi, su cika waya da talla, su kwashe lambobin da ke cikinta, wasu ma su nemi kuɗi. Mai neman ɓarawon wayarsa da irin wannan ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Kafafen sada zumunta sun sauya salo a shekarun nan. Lokacin da Foursquare ta fito a 2009 da Facebook Places a 2010, mutum ne da kansa yake dannawa ya ce ga ni a wuri kaza, daga nan shi ke nan. Yanzu abin ya koma taswira mai motsi da ke bin mutum ko bai taɓa wayar ba. A 2017 Snapchat ta kawo Snap Map, a shekarar kuma WhatsApp ta kawo lokeshan na kai-tsaye, sannan a 2025 Instagram ta fito da tata taswirar. Wasu kamfanonin sun ja da baya: Facebook ta rufe tsarinta na nuna abokan da ke kusa a 2022, Telegram ta cire nata na mutanen da ke kusa a 2024 saboda 'yan damfara sun mamaye shi. A farkon 2018 an gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna sansanonin sojojin Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna gudun safe da na'urorinsu a kunne. Babu wanda ya yi musu kutse, su ne suka ba da izini suka manta.

WhatsApp ne ya fi shafar mu, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa. In aka danna alamar haɗa fayil aka zaɓi lokeshan, zaɓi biyu ne ke fitowa. Ɗaya yana tura inda kake a wannan lokacin, ɗigo ɗaya da ba ya motsi. Ɗayan yana bin ka na minti 15, awa 1 ko awa 8. Mai sayar da atamfa ko abinci ta intanet ba ta da buƙatar na biyun, na farkon ya isa, kuma gara ta tura na bakin titi ko wani sanannen wuri da ke kusa maimakon ƙofar gidanta. Na biyun na matafiyi ne. Wanda zai bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ko Funtuwa zuwa Gusau ya tura wa mutum ɗaya ko biyu da ya amince da su, ba zauren 'yan makaranta mai mutum 300 ba, domin duk wanda ke zauren yana kallon motsinsa. In an sauka lafiya a koma a tsayar da shi. A cikin saitin sirri na WhatsApp akwai wurin da ke jera duk hirarrakin da kake raba wa lokeshan a halin yanzu.

Abin da ya fi tayar da hankalin iyali shi ne ɗigon ya tsaya cak a tsakiyar daji. Kafin a fara salati a duba ƙasan sunan matafiyin, akwai rubutun da ke faɗin minti nawa ke nan da sabunta wurin. Galibi ɗayan abu uku ne ya faru: sabis ya ɗauke, caji ya ƙare, ko tsarin tattalin batir ya kashe WhatsApp bayan allon ya mutu. Na ukun ya zama ruwan dare a wayoyin Tecno da Infinix da itel da aka fi riƙewa a wajenmu. Maganinsa a shiga saiti, a nemi WhatsApp cikin jerin manhajoji, a cire masa takunkumin batir, a kuma kashe tsarin tattalin batir da na data har a gama tafiyar. A tafi da fawa bank, don GPS da allo a kunne suna shan caji ƙwarai.

Inda babu data fa? Mutanen Zamfara sun ga wannan a Satumbar 2021 da aka katse sadarwa a jihar, daga baya aka haɗa da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin wannan hali waya ta san inda take, aikawa ce ba za ta iya ba. Amma inda akwai sabis na kira ko da sanda ɗaya ne, saƙon tes zai wuce. Tun a gida a sauke taswirar yankin a Google Maps domin ta buɗe ba data. In buƙata ta taso a danna wurin a riƙe, lambobi biyu za su fito, a kwafe su a tura. A kula da jerinsu. Kano tana wajen 12.0 da 8.5 ne. In aka juya su aka rubuta 8.5 da 12.0, mai nema zai tsinci kansa a wajen Ganye a Jihar Adamawa. Kada kuma a yanke lambobin da ke bayan ɗigo: biyu kacal suna barin kuskuren kusan kilomita 1, biyar suna kawo mutum cikin mita 1 ko 2. Ga unguwannin da ba su da lambar gida, Plus Code na Google, wato adireshin wuri na haruffa da lambobi da ke fitowa a Google Maps, gajere ne, ya fi sauƙin karantawa ta waya. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Nima sun riga mu sabawa da irin wannan, tun da Ghana ta ƙaddamar da GhanaPostGPS a 2017. Alhazai ma su adana wurin masaukinsu da tantinsu na Mina tun ranar farko.

Sai hotuna. In an ba kyamara izinin lokeshan, kowane hoto yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikin fayil ɗin. WhatsApp yana goge wannan in an tura hoton a matsayin hoto. In aka tura shi a matsayin fayil don kada ya dusashe, ko ta imel, ko ta Xender, bayanin yana biye da shi. A shiga saitin kyamara a kashe alamar wuri. Sai dai a gaskiya masu mugun nufi ba sa ma wahalar da kansu da wannan. Bidiyon TikTok da aka ɗauka a ƙofar gida ya nuna fentin get da lambar mota da allon makarantar da ke kallon gidan. Hoton yara cikin yunifom ya faɗi inda suke karatu da lokacin tashinsu. Sitatus ɗin filin jirgi ya sanar cewa maigida ba ya gari. A wannan zamani na garkuwa da mutane, wanda ba zai iya haƙura da ɗorawa ba ya bari sai ya bar wurin, ko ma sai washegari. Hoton biki ba ya lalacewa don ya kwana.

Game da izini, wayoyin Android sun samu gyara mai amfani da mutane da yawa ba su sani ba. Daga Android 10 ana iya ba manhaja izini na lokacin da ake amfani da ita kawai. Android 11 ya ƙara na sau ɗaya tak. Android 12 ya raba ainihin wuri da kusan wuri, wanda ke nuna yanki mai faɗin murabba'in kilomita 3 ko makamancin haka. Masu iPhone sun samu irin wannan tun iOS 14. Taswira da manhajar kiran mota suna buƙatar ainihin wuri yayin amfani. Ta lokutan salla da alƙibla da hasashen yanayi kusan wuri ya ishe su. Tocila da wasanni da masu gyara hoto ba su da hujjar nema ko kaɗan. A shiga saiti, a buɗe lokeshan, a duba jerin waɗanda aka ba izini na kowane lokaci. A wayar yawancin mutane bai kamata a samu fiye da ɗaya ko biyu a wannan jerin ba. Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ta hana manhajojin ba da bashi da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotuna da ainihin wurin mutum, to amma wannan doka ba ta kai ga manhajojin da ake turawa hannu da hannu ba, irin yadda ake tura GBWhatsApp.

In an sace waya, tsarin Google na neman na'ura yana taimakawa ne kawai in tun farko akwai asusun Gmail a wayar, lokeshan yana kunne, kuma mai ita ya tuna kalmar sirrinsa. A nan mai kashe lokeshan ya cuci kansa. A danna *#06# yau a rubuta lambar shaidar wayar, wato IMEI mai lamba 15, a ajiye tare da rasit. Ko taswira ta nuna gida, kada mutum ya tara matasa ya afka, domin kuskuren mita 20 a unguwa mai cunkoso gidan maƙwabci ne. A kai wa 'yan sanda.

Akwai kuma masu karɓar wayar mata ko budurwa ko yaron shago na minti biyu su kunna raba wuri a Google Maps, su zaɓi wanda ba ya tsayawa sai an kashe. Wanda yake zargin an yi masa haka ya buɗe manhajar, ya danna hotonsa a sama, ya shiga sashen raba wuri, zai ga sunan duk mai kallonsa ya cire shi. Iyaye masu son kula da ƙananan yara suna da Family Link, wanda aka yi domin haka kuma yaron ya san da shi. Bibiyar baligi a ɓoye kuwa leƙen asiri ne, kuma addini ya hana.

Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a 2023 tare da hukumar NDPC, amma kusan duk faɗakarwar da ake yi da Turanci ce, alhali mai riƙe da wayar a Ɓatagarawa ko Maraɗi saƙon murya yake saurara. Muna kira ga NDPC da hukumar sadarwa ta NCC da kamfanonin layi su fitar da gajerun bayanai na murya da bidiyo da Hausa kan waɗannan saituna. Kai kuma ranka ya daɗe, muna roƙon ka ware ɗan gurbi a shafin kimiyya, ko sau ɗaya a wata, a riƙa buga hoton allon waya ana nuna inda za a danna ɗaya bayan ɗaya, a fara da na Tecno da itel.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran waya da harkar sadarwa,
Kano.