A Daina Raina Koken Masu Manyan Motocin Jif

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana kan kukan da masu manyan motocin alfarma, waɗanda ake kira jif, suke yi game da tangarɗar na'urar daidaita gudu da ta giya.

Direba yakan saita gudun da yake so a babbar hanya, sai motar ta ƙara wuta da kanta, ko ta ja birki alhali babu komai a gabanta, saboda na'urar hangen gaba ta ɗauki gada ko allon gefen titi tamkar mota ce a tsaye. Wani kuma giya ce ke yi masa nawa: ya taka totur zai shiga titi, motar ta yi jim, sannan ta fizga da ƙarfi. Tawa ta yi mini haka sau uku, kuma da na kai ta wurin dillali aka jona mata kwamfuta, sai aka ce ba ta nuna komai ba, wataƙila ƙafata ce. Wannan amsa ta fi matsalar kanta ɓata mini rai, domin lahanin da ke zuwa ya tafi ba lallai ne ya bar alama a kwamfuta ba.

An taɓa raina irin wannan kuka, kuma abin bai yi kyau ba. A watan Agustan 2009, kusa da San Diego a Amurka, mutum huɗu 'yan gida ɗaya sun mutu a cikin wata Lexus da shimfiɗar ƙafa ta danne mata totur, kuma a 2014 kamfanin Toyota, mai ƙera Lexus, ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a abin da ya sani game da matsalar. A 2018 kuma kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci kusan miliyan 4.8 a Amurka domin gyara, har da Jeep Grand Cherokee, bayan an gano cewa na'urar daidaita gudu tana iya ƙin sakewa ko da an taka birki.

Saboda haka ina kira ga kamfanoni da dillalansu su riƙa rubuta kowane koke, su ba mai mota shaidarsa a takarda, ko da kwamfuta ba ta ga komai ba, domin tarin irin waɗannan rahotanni ne ke sa hukumomi buɗe bincike. Masu motoci kuma su rubuta rana da gudun da suke yi lokacin da abin ya faru. Idan mota ta ƙi rage gudu, a danne birki da ƙarfi ba tare da sassautawa ba, a mayar da giya firi, a gangara gefen hanya, sannan a kashe injin bayan ta tsaya cik.

Naka mai karatu a kullum.