Wasiƙa daga Samaru a kan ƙidayar itatuwan daji

Samaru, Zariya.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayarka a kan dalilin da ya sa har yanzu ba mu shiga daji ba, alhali aikinmu shi ne sa ido a kan kaɗanya da ɗorawa da ke ƙarewa.

Faɗin ƙasar ne ya fi ƙarfin ƙafarmu da aljihunmu. Dajin Yankari kaɗai ya haura murabba'in kilomita 2,000, balle Babbar Ganuwar Itatuwa ta tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, wadda ta ratsa jihohi 11 na Arewa. Dole sai an zaɓi 'yan filaye ana auna su, idan kuwa aka kuskure zaɓen, sai a shekara goma ana ƙidayar da ba za ta nuna komai ba.

Shi ya sa muka fara gina dajin kwaikwayo a cikin kwamfuta. Mu muka dasa itatuwansa, muka sa su riƙa raguwa, a ce da kashi 2 cikin 100 duk shekara, muka cakuɗa masa damina mai albarka da ta fari. Sannan muka riƙa auna shi ta hanyoyi daban-daban, sau ɗaruruwa, domin mu ga wacce za ta gano raguwar da muka riga muka san tana nan. Filayen bakin hanya ne suka fi damuna. Kowa yana son su saboda sauƙin zuwa, amma a can masu itace da gawayi suka fi sara, don haka sukan nuna ɓarnar ta fi yadda take a tsakiyar daji.

Muna kuma dogaro da hotunan shirin taurarin ɗan'adam na Landsat, wanda ke aiki tun 1972, sai dai shi ma yana da makanta. Makon jiya na tsaya a gindin wani gawo a hanyar Kufena, damina ta zauna, dawa ta kai ƙugu, shi kuwa ba ganye ko ɗaya, kamar yadda ya saba. Hoton da aka ɗauka a ranar ba zai nuna shi a matsayin itace mai rai ba. Da na dawo sai na shigar da wannan ɗabi'ar tasa cikin lissafin, muka mayar da ƙidayar gawo zuwa rani.

Idan kana da bayanan ruwan sama na yankinku, don Allah ka aiko mini kafin kaka. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na Samaru