Daular Sui ta fi ƙarfin jimla guda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na makon jiya a kan daular Tang ta ƙasar Sin, kuma na ƙaru da shi ƙwarai, sai dai an wuce daular Sui da jimla guda, alhali kuwa ita ce ta share gonar da Tang ta girbe.

A 581 ne Yang Jian ya ƙwace mulki daga gidan Zhou ta Arewa, ya kafa daular Sui, ya zama Sarki Wen, kuma a 589 ya ci daular Chen da ke kudu, ya haɗe ƙasar da ta yi kusan shekara 300 a rarrabe. Mutum ne mai tsimi, ya sassauta dokokin hukunci, ya cika rumbunan gwamnati da hatsi. Ɗansa Sarki Yang, wanda ya gaje shi a 604, bai gaji wannan hali ba. Daga 605 ya sa aka sake gina birnin Luoyang, aka kuma haƙa babbar hanyar ruwa da ta haɗa Rawayan Kogi da kogin Yangtze domin a riƙa kai shinkafar kudu zuwa arewa, duka an yi su ne da ƙarfin manoman da aka raba da gonakinsu.

A ganina, yaƙin da Sarki Yang ya kai wa masarautar Goguryeo ta Koriya ne ya karya ƙashin bayan daular. Marubutan tarihin Sin sun ce a shirin yaƙin 612 an tsayar da masassaƙan jiragen ruwa cikin ruwa dare da rana har tsutsa ta kama su daga ƙugu zuwa ƙasa. An kuma ɗora wa mutum biyu baro guda na shinkafa su tura zuwa bakin daga, amma saboda nisan hanya sai su cinye kayan kafin su isa, sannan tsoron hukunci ya sa su shiga daji su zama 'yan tawaye. Daga sojoji 305,000 da aka tura wajen Pyongyang, kimanin 2,700 kaɗai aka ce sun dawo bayan kashin da suka sha a kogin Salsu, kuma duk da haka sarkin ya sake ɗaura yaƙi a 613 da 614.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rumbuna suna maƙare yayin da talakawa ke fama da yunwa, har sai da madugun tawaye Li Mi ya kama rumbun Luokou a 617 ya buɗe wa jama'a. A 618 Sarki Yang ya mutu a hannun dakarunsa da suka shaƙe shi a birnin Jiangdu, Li Yuan, ɗaya daga cikin janarorinsa, kuma ya kafa Tang, ya tarar da hanyar ruwa da tsarin mulki a shirye: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina roƙon ku ware wa waɗannan shekaru 37 shiri na kansu.

Mai sauraronku na kullum,
daga Zariya.