Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Hafsan Tsaron Najeriya: A Kori 'Yan Bindiga, A Bar Mana Dajin

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina miƙa ta'aziyyar dakarunmu da suka kwanta dama a fagen fama. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Ni tsohon malamin daji ne, a aikin gandun daji ƙarfina ya ƙare. Ba zan koya maka yaƙi ba, don ba fannina ba ne. Amma filin da kuke gwabzawa a kai na san shi, kuma a kansa zan yi magana.

Yau in aka ce Sambisa, ko Rugu, ko Kamuku, ko Kuyambana, ko Sububu, gaban mutum faɗuwa yake yi. Yaran yanzu sun ɗauka sunayen sansanonin 'yan ta'adda ne. Alhali tun 1958 aka keɓe Sambisa a matsayin gandun namun daji, har da giwaye a cikinsa, Kamuku kuma ta ƙasar Birnin Gwari a 1999 ta zama gandun tarayya. A da kowane gandu yana da masu tsaronsa, da duwatsun iyaka, da hanyar da ake sharewa kowace kaka don kada gobara ta tsallaka. Sai aka wayi gari malamin daji ya yi ritaya ba a ɗauki wani ba, babur ɗin sintiri ya lalace ba a gyara ba, gidan gadi ya rufta. Ɓarayin shanu suka fara leƙowa, suka ga ba mai cewa uffan, suka kafa bukka. Daji bai gayyaci kowa ba. Hukuma ce ta fice ta bar ƙofa a buɗe.

Na kawo wannan ne saboda maganar da ke yawo a bakin mutane duk lokacin da aka kai mummunan hari: a yi wa dazukan ruwan bama-bamai kawai a huta. A farkon 2022 gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya faɗe ta a fili, ya ce in ya so daga baya a sake dasa itatuwa. Ban ga laifin wanda zafin kisan jama'arsa ya sa shi faɗin haka ba. Sai dai an taɓa gwada wannan dabara, kuma wanda ya gwada ya fi mu jirage da kuɗi nesa ba kusa ba. Daga 1962 zuwa 1971 Amurka ta fesa fiye da lita miliyan 70 na maganin kashe ganye a kan dazukan Biyetnam, don mayaƙan da take farauta su rasa mafaka. Ganye ya zube, mayaƙa suka shige ramuka suka sauya hanya, a 1975 kuma su ne suka shiga Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu da Amurka ke mara wa baya. Gubar ta zauna a ƙasa, ana ta haifar yara da nakasa. Sai a 2018 aka gama tsaftace filin jirgin Da Nang daga gubar, na Bien Hoa kuwa a 2019 aka fara.

Namu 'yan bindigar ma a kan babura suke. In an ƙone wannan kurmi da safe, kafin la'asar sun tsallaka wata jihar. Wanda ba ya iya gudu shi ne itacen. Kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta ba da 'ya'yan kirki, kuma ba ta son dashe, yawancin waɗanda ka gani a gonaki da kansu suka fito manomi ya bar su. Ɗorawa, tsamiya, kanya, marke, kirya, maɗaci, babu wanda ke girma a cikin wa'adin gwamna ɗaya. Wanda duk ya taɓa rainon dashe a arewacin Katsina ya san wahalar tsallakar da ɗan itace rani guda tsakanin awaki, gara da ƙishirwa. Maganar a sake dasawa tana da daɗi a baki ne kawai. Ba a ƙona rumbu don ɓera.

Ɗauki Falgore, wanda duk mai bin hanyar Kano zuwa Jos yake ratsawa. Asalin sunansa gandun dajin Kogin Kano, don ta cikinsa kogin ke gangarowa ya zuba a madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Saiwoyin itatuwan nan ne ke riƙe ƙasa, su sa ruwan sama ya nutse a hankali maimakon ya kwashi yashi ya cika dam. Ruwan Tiga shi ne shinkafar Kura, shi ne tumatirin Kadawa, shi ne ke kaiwa fadamun Haɗeja da Nguru. In Falgore ya zama fako, mai noman rani a Garun Malam zai ji a jikinsa ko da bai taɓa ganin ɗan bindiga ba. Abin sha'awa, a Falgore ɗin ne aka yi abin da nake ganin ya fi dacewa: a zamanin Gwamna Ganduje aka kafa wa sojoji filin atisaye a cikin dajin, aka zauna a ciki maimakon a ƙone shi. Haka aka yi niyya da Sambisa bayan ƙwace babban sansanin Boko Haram a Disambar 2016, har gasar harbi sojoji suka yi a can a 2017. Matsalar ita ce zaman bai ɗore yadda ake so ba.

Rugu kuwa makiyaya ce tun kaka da kakanni. In wuta ta cinye ciyawa da ganyen da shanu ke ci da rani, makiyayin da bai taɓa ɗaukar bindiga ba ina zai nufa da garkensa? Gonakin mutane. Daga nan sai faɗa, sai ramuwar gayya, sai wani yaro ya shiga daji ya bi masu bindiga. Kun kashe goma, wutar ta haifa muku ashirin.

Kada a yi mini gurguwar fahimta, ranka ya daɗe. In kwamanda ya samu tabbataccen bayani cewa ga maɓoyar masu garkuwa a ƙarƙashin wata kuka, ya buga, kukar ta tafi. Babu itacen da ya kai ran soja ko ran wanda aka sace. Abin da nake ƙi shi ne a yi wa yanki guda luguden wuta a makance. Cikin dazukan nan akwai rugage, da masu saran zuma, da mata masu tsintar ƙwara, da waɗanda aka sace ɗin kansu. Mun ga abin da kuskure ɗaya ya jawo a Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgin soja ya jefa bam kan masu Mauludi. Najeriya ta amince da ƙarin yarjejeniyar Janeba ta 1977 da ta haramta salon yaƙin da zai yi wa muhalli ɓarna mai faɗi, mai tsanani, mai daɗewa. Lauyoyi za su ce wannan ta shafi yaƙin ƙasa da ƙasa ne. To shi ke nan, ashe dajin maƙiyi ya fi namu alfarma ke nan? Sojanka Musulmi ya san wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, cewa kada su sare itace mai 'ya'ya. Sojanka Kirista zai tarar da irin wannan hani a Maimaitawar Shari'a, sura ta 20.

Amma gaskiyar magana, ba bam ne ya fi cin dajin ba. Gatari ne da injin yanka. Ka tsaya a kowace babbar hanya da ta fito daga dazukan Neja, Kaduna ko Bauci da daddare, ka ƙirga manyan motocin da aka lafta wa buhunan gawayi har sun karkace. A inda manomi ba ya iya zuwa gonarsa, ta yaya mai gawayi yake shiga ya yi kwanaki yana turara itace ya fito lafiya? Wani ya biya. Kuɗin nan su ne man babur da harsashi. Haka aka kwashe madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, daga Taraba zuwa Sin, har sai da aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Motocin nan ba ta sama suke bi ba, ta shingaye suke wucewa. Umarni guda daga ofishinka, cewa a ɗauki lodin gawayi da katakon da ya fito daga yankin da ake yaƙi kamar yadda ake ɗaukar jarkokin fetur da ake kai wa daji, zai taɓa aljihun 'yan bindiga fiye da wasu hare-haren sama.

A Borno abin ya ɗauki wani salo. Garuruwan da aka zagaye da rami, irin su Bama, Dikwa da Monguno, cike suke da 'yan gudun hijira, kuma kowace tukunya itace take ci. An share duk abin da ke kusa, sai an yi nisa. A nan ake yanka masu saran itace, a nan ake sace mata, a nan ake taka nakiya. Sojojin Haɗin Kai, rundunar da ke yaƙar Boko Haram a arewa maso gabas, da 'yan kato-da-gora kan raka su, wato dakarun da ya kamata su fita farautar maƙiyi sun koma rakiyar itacen girki. Murhu mai cin itace kaɗan da tukunyar gas ba kayan yaƙi ba ne, amma in rundunar ta matsa wa gwamnatin jiha da ƙungiyoyin agaji a kansu, soja nawa za a 'yanta daga wannan aiki?

Sai batun mai. Kowane sansani na da janareta, kowace janareta na jiran tanka, kowace tanka sai da ayarin rakiya a kan hanyar da aka san ana binne bam. Binciken sojin Amurka ya nuna cewa a Afganistan a 2007, cikin kowane ayari 24 na dakon mai ana samun mutum ɗaya da aka kashe ko aka raunata. Shi ya sa sojojin kundunbalarsu na ruwa suka fara shimfiɗa faifan sola a ƙananan sansanoni a lardin Helmand na ƙasar a 2010. Ba son tsuntsaye ya sa su ba, gawawwaki suka gaji da ɗauka. Mu da rana ke dukanmu kusan duk shekara fa? Na san tankar yaƙi da jirgi ba za su tashi da hasken rana ba, ƙurar hunturu sai an riƙa gogewa, zafin Borno kuma yana cin batir. Amma cajin oba-oba, fitilar tsaro, famfon burtsatse da firjin magani, duk sola za ta ɗauke su. Ga kuma shiru. Soja mai gadin dare da janareta ke ruri a bayansa ba zai ji ƙarar babura ba sai sun iso. Mutanen Maiduguri sun koyi darasin dogaro da layi ɗaya tun da aka fasa turakun wutar Damaturu a Janairun 2021, gari ya daɗe a duhu.

Kudu ma ba ta tsira ba. Ƙona haramtattun matatun mai da jami'an tsaro ke yi a Neja Delta tare da malalar da ɗanyen man a fadama yana cikin abubuwan da ake dangantawa da baƙin hayaƙin da ya addabi Fatakwal tun 2016. An hukunta ɓarawon mai, an haɗa da masunci.

A Mayun 2025 Shugaba Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji masu makami. Na yi murna, tare da fargaba. In bindiga kawai aka koya musu, an ƙara wata rundunar ce a kan waɗanda ake da su. Dajin da kuka ƙwato yana buƙatar wanda zai karɓe shi: a kwashe bama-baman da ba su tashi ba kafin 'yan gwangwan da yara masu kiwo su tsince su, a maido da duwatsun iyaka, a buɗe burtali, a san wa ke da izinin sara da wanda ba shi da shi.

Roƙona shi ne a hedikwatar Haɗin Kai da ta Fansan Yamma, rundunar da ke yaƙar 'yan bindiga a arewa maso yamma, a ajiye malamin daji ko da guda ɗaya ne, a ba shi kujera a inda ake shimfiɗa taswira. Irinmu da suka yi ritaya suna nan a Katsina, Gusau, Birnin Gwari da Maiduguri, da tsofaffin mafarauta da ardo-ardo. Sun san rafin da ba ya ƙafewa a watan Afrilu, wanda dole mai ɓuya ya zo ya sha, sun san inda babur ba ya wucewa da damina. A tambaye su kafin jirgi ya tashi.

Allah Ya taimake ka, Ya tsare dakarunka.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin daji