Kududdufan da ake cikewa a Birnin Kebbi

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan yadda ake yanka filaye a garinmu Birnin Kebbi, don wallahi abin ya ishe ni.

Ni cikin tsohon gari aka haife ni, gidan kakanmu ginin ƙasa ne, tubali da azara, an shafe shi da makuba, ga indararo biyu na zuba cikin lungu. Bayan gidan akwai wani ƙaton kududdufi, nan aka haƙi ƙasar da aka gina kusan duk gidajen shiyarmu. Muna yara mun ɗauka ramin banza ne na kwaɗi da agwagi, ashe shi ke shanye ruwan lungunan nan gaba ɗaya, ko kwana aka yi ana ruwa kafin hantsi ko'ina ya tsane. Kawai sai muka wayi gari tifa na ta juye shara da ƙasa ciki, wai wani ya saya kuma da takardarshi harda hatimi, yanzu shaguna ne jere a wurin. Daminar bara ruwa ya shiga ɗakin tsohuwarmu har gwiwa, tsakar dare muna ta kwasa da bokiti da roba, buhun shinkafa biyu suka jiƙe, katangar maƙwabcinmu kuma ta zube.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ganin kamar mutanen da ba su san tsara gari ba, sai da Bature ya zo da safiyo. Haba! Tun ƙarni na 16 Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame da ganuwar dutse, kufanta na nan har yau ta wajen Binji a jihar Sakkwato. Da Kabawa suka bar ta wajen shekarar 1700 suka dawo Birnin Kebbi, ai kan tudu suka zauna suna kallon fadama, gida a sama shinkafa a ƙasa, ba wanda ya ce bari in kafa ɗaki a hanyar gulbi. Ganuwa ma ba a matse ta jikin gidaje, ana barin fili ciki don noma da dabbobi ko da yaƙi ya tsare ƙofa. Maƙera da shiyarsu, majema can gefe saboda wari. Bayan garin ya faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805 Kabawa suka ƙare a Argungu, je can ka ga Gidan Nabame, tsohuwar fadar sarki, da aka gina 1831, da ƙasa ne fa, kuma yana nan tsaye an mai da shi gidan tarihi. Bulon yanzu kuwa wani da ɗan yatsa za ka murje shi, amma wannan maganar wata rana ce.

Tun da aka ba mu jiha a 1991 ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato gari ya buɗe, Gesse, Badariya, Bayan Kara, har ya haɗe da Gwadangaji. Alhamdulillahi, ba ci gaban nake ƙi ba. Inda aka fitar da titi da kwalbati kafin a raba fuloti kowa na ganin bambanci. Amma inda mai gona da dillali suka ja igiya suka yanka abinsu, hanyar da aka bari ko Keke Napep biyu ba su giftawa, balle motar kashe gobara, ba filin makaranta ba na maƙabarta, kuma kowa sai ya ɗaga dandamalin ƙofarshi ya tura ma na ƙasa ruwa. Ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadama gulbi ne ya cika, wannan daga Allah ne. Wanda ke shiga ɗakunanmu cikin gari kam mu muka tare mai hanya.

Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar cikin birni a hannun gwamna, don haka roƙona gare shi da masu martaba da hakimai shi ne a zagaya a ƙirga kududdufan da suka rage, a kafa masu alama, a hana ba da takarda kansu ko wane ne ya zo. Masu cewa matattarar sauro ce, gaskiyarsu, to a yashe, a kewaye da waya saboda yara, a hana zuba shara. A tafi da tsofaffin magina da masu unguwanni wajen zagayen, su suka san inda ruwa ke bi tun kafin a yi kwalta.

A ɓangarenmu uku suka rage da na sani, ɗaya satin da ya wuce na ga an fara sauke mai ƙasa.

Naku,
Wani mazaunin tsohon gari, Birnin Kebbi