Binciken muhalli na rani kaɗai bai isa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina jan hankalin manomanmu na Maiurno da kewayen Sinnar a ƙasar Sudan. Kafin kamfani ya share daji don babbar gona, babban masanin muhalli ne ke sa hannu a rahoton bincike. Ku tambaya, yaushe ya shiga dajin? In a Afrilu ne kaɗai, ciyawa ta bushe, fadamu sun ƙafe, kwaɗi sun shige ƙasa, sai a rubuta cewa fako ne. Dole ya koma a Agusta ko Satumba, ko da laka ta hana mota shiga, ya ƙidaya tsirrai cikin murabba'in mita ɗaya-ɗaya, tsuntsaye kuma da asuba. Ya zauna da makiyaya su nuna masa burtali da mashaya, ya sa su a taswira.

Wassalam,
Mai karatu daga Maiurno